Dopiyetar Mijin Nerina

Wani ne a garinmu, can gefen Modena, ya auri 'yar bakanike. Shekara goma sha huɗu da auren, amma surukin bai taɓa kiran sunansa ba. Ba gaba suke yi ba. Tsohon dai ya rasa dalilin da zai sa ya riƙe sunan mutumin da bai san inda ake duba baƙin mai ba. In yana son gishiri a tebur sai ya ce wa 'yarsa, "Nerina, ce wa wannan ya miƙo gishiri." Ranar ɗaurin aure "wannan" ya ce. Da aka haifi jikansa na fari, nan take ya riƙe sunan jaririn, uban jaririn kuwa ya ci gaba da zama "wannan".

Abin yana cin mutumin a rai. Ya kai wa tsohon hula, ya kai masa cuku mai shekara uku, ya yaba tumatirin bayan gidansa, duk a banza.

Sunan tsohon Ermete Malavasi, shekararsa saba'in da takwas. Yana zaune a shagon gahawa, ya ba titi baya, in mota ta wuce zai faɗi ƙirarta da shekararta da abin da ke damunta. Yana da wata 'yar mota Fiat Ɗari Biyar ta 1965, shuɗiya, mai rufin tamfol, wadda yake kira Yarinya. A jikin ƙofarta an rubuta sunaye biyu da farin fenti, nasa da na Nerina. Shi ke tuƙi, ita ke riƙe agogo, duk shekara, a gasar tsofaffin motoci ta garinmu. Sau talatin da tara ya shiga bai taɓa fashi ba. Ya ci kofi sau huɗu. Abokin hamayyarsa Oreste Bonfatti, mai jar mota ƙirar Alfa, ya ci sau biyar, kuma kullum safiya sai ya san yadda ya yi ya ɗaga yatsu biyar, ko da kuwa sukari zai nema.

Shi kuwa mutumin namu tayil yake sayarwa a ofis. Motarsa sabuwa ce fil, tana canza giya da kanta, tana fakin da kanta, har magana take yi da muryar mace. Tsohon yana kiranta firji mai taya huɗu. Duk ranar gasa mutumin yana gida gaban talabijin yana kallon ƙwallo, don haka bai taɓa ganin yadda ake yi ba.

Ana saura mako uku gasa aka yi wa tsohon aiki a gwiwar hagu. Ran Lahadi aka taru cin abincin rana, kowa da kwanon taliyarsa cikin romo. Tsohon ya jingine sandarsa, ya ce, "Likita ya hana ni taka kuloci sai bayan wata uku. Nerina, bana ke za ki tuƙa, ni in riƙe agogo."

Nerina ta daɗe tana neman hanyar haɗa mijinta da ubanta. Ta dafe wuyan hannunta ta ce, "Baba, ai kwana biyu hannun nan yana damuna." Sannan ta taka ƙafar mijin a ƙarƙashin tebur.

"Wayyo!" in ji shi. Ta sake takawa. "Wato, ni zan tuƙa, Baba."

Tsohon ya dube shi irin kallon da ake yi wa tayar da ta sace. Ya juya wajen 'yarsa.

"Nerina, tambayi wannan, ya iya dopiyeta?"

To, dopiyeta a bakinmu abu ne da ya zo biyu a haɗe. Ɗan wasa ya ci ƙwallo biyu a wasa ɗaya, ya yi dopiyeta. Bindigar farauta mai baki biyu, ita ma dopiyeta ce. Akwai ta uku, wadda kowane bakanike ya sani, mutuminmu kuwa bai taɓa jin labarinta ba.

Ya gyara zama ya ce, "Dopiyeta? Haba, Baba! Sau uku na yi ta ina saurayi. Ta ƙarshen ma da ka na yi."

"Da ka?"

"Da ka, Baba. Mai tsaron gida ko motsi bai yi ba."

Tsohon ya ajiye cokali a hankali. "Nerina, gaya masa ba ta ƙwallo ba. Ɗayar."

"Au, ɗayar!" in ji mutumin. "Ai ita na fi sani."

"To, Asabar da safe ya zo gareji ya nuna mini ita."

A hanyar gida Nerina ta ce, "Ka dai san abin da Baba yake nufi ko?"

"Ke, a Modena aka binne cibiyata."

"Don in ba ka sani ba, ni tun ina 'yar sha biyu..."

"Nerina, maganar maza ce."

Ta juya tana kallon taga. Motar ce ta yi magana, ta ce ya juya dama.

Ya zauna ya yi lissafi. Tunda ba ta ƙwallo ba ce, saura bindiga. Me zai kai bindiga gasar mota? Da ya ƙara nazari sai abin ya fito masa fili. Hanyar gasar ta kan duwatsu take bi, duwatsun kuwa cike suke da aladen daji. Dole direba ya iya kare kansa. Ya jinjina wa hangen nesan tsohon, ya nufi gidan maƙwabcinsa Duilio maharbi.

Duilio ya ce, "Ba na ba da aron bindiga, ba na ba da aron kare. Inda ɗayanmu zai je, mu uku za mu."

"To, ku zo ku ukun."

Asabar da safe tsohon yana zaune bakin gareji yana goge madubin Yarinya. Tsallaken titi, Oreste da sauran tsofaffi suna shan gahawa. Sai ga firji mai taya huɗu ta tsaya, ta yi fakin da kanta. Mutumin ya fito sanye da dogayen takalman roba da hular farauta. Duilio ya fito da bindiga cikin jakarta. Kare ya fito ya zauna.

"Barka da asuba, Baba. Ga dopiyeta. Har da mai ita, har da kare."

Tsohon ya dubi bindiga, ya dubi kare, ya dubi sama ya daɗe.

Daga tsallake Oreste ya ɗaga murya: "Ermete! Bana harbe mu za ku yi? Ai da ka faɗa, da na ba ka aron kofi ɗaya. Ina da biyar!" Ya ɗaga yatsun. Tsofaffi suka fashe da dariya, ɗaya har gahawa ta sarƙe shi.

Babu Nerina a wurin, don haka tsohon ya rasa wanda zai aika da magana. Dole ya ce, "Kai, wannan. Cire takalman nan ka shiga mota."

Suka shiga. Gwiwoyin mutumin suka tokare sitiyari. Ya yi ta laluben maɓallin tayarwa, sai da tsohon ya nuna masa wani ɗan ƙarfe tsakanin kujeru, ya ja, injin ya tashi daga baya yana tatata.

"Saurara," in ji tsohon. "Yarinyar nan tarbiyyar da gare ta. Ba a faɗa mata ɗaki kai tsaye. In za ka sauko da giya, ka taka kuloci, ka fito firi, ka saki. Ka ɗan taɓa totur, kaɗan, kamar sallama. Ka sake taka kuloci, sannan ka shiga. Taku biyu. Ita ce dopiyeta."

"Ai na sani, Baba. Waccan don ko-ta-kwana na kawo ta."

Suka hau titi. A kwanar farko mutumin ya taka, ya manta sallama, ya tura giya da ƙarfin tsiya. Ƙarrrr! Tattabarun kan coci suka tashi. Karen Duilio ya yi haushi. Tsohon ya dafe muƙamuƙi kamar an cire masa haƙori ba allura.

"Sake."

Ƙarrrr!

"Ka yi mata sallama, na ce! Gidan ubanka ne?"

Abu ɗaya da ba za a ƙwace wa mutumin ba shi ne naci. Daga ranar ƙafafunsa ba su sake hutawa ba. A kicin yana tsaye da ludayi cikin tukunya, yana taka soso biyu a ƙasa: taka, fito, saki, sallama, taka, shiga. A ofis ƙafafun suna aiki ƙarƙashin tebur, har shugabansa ya ce masa, "Ka tashi ka je bayin mana, ba wanda ya hana ka." A coci yana taka katakon durƙuso, matar da ke gabansa ta juyo sau uku. Kowace yamma kuma yana cikin Yarinya, tsohon a gefe ya rufe ido yana sauraro.

Ran Alhamis ta ƙarshe suka zo wata kwana mai gangara. Taka, fito, saki, sallama, taka, shiga. Giya ta shige shiru kamar cokali cikin romo. Tsohon ya buɗe ido ɗaya, ya dubi gilashin gaba, ya ce, "Hm."

Mutumin ya shiga gida da gudu. "Nerina! Baba ya ce hm!"

"Da gaske?"

"Da kunnena na ji. Hm!"

Ran jajibirin gasa tsohon ya liƙa farin tef a kan sunan Nerina da ke jikin ƙofa, ya rubuta "Direba" da biro. Mutumin ya tsaya yana kallon tef ɗin.

"Baba, ba a sa suna?"

"In an dawo da kofi sai a kira mai fenti."

Daga nan suka zauna a tebur, tsohon ya buɗe littafin hanya ya fara bayani. Gasar nan, kamar yadda kowane yaro a garinmu ya sani, ba ta gudu ba ce. Ta cika lokaci ce. Ana shimfiɗa tiyon roba a kan titi wuri-wuri, kowace mota an rubuta mata ainihin sakan ɗin da tayarta za ta taka kowane tiyo. Ka riga lokaci, a rubuta maka laifi. Ka makara, a rubuta maka laifi. Sakan guda ma sai an raba shi gida ɗari. Wanda laifinsa ya fi kaɗan shi ne da kofi. Shi ya sa ake tafiya a hankali, mai agogo yana ƙirgawa, direba yana bin bakinsa.

Duk wannan tsohon ya faɗa, wani wurin ma sau biyu. Mutumin yana gyaɗa kai da ladabi. Amma hankalinsa yana ƙarƙashin tebur, inda ƙafafunsa ke taka, fito, saki, sallama. Kalma uku kawai suka shiga kunnensa: Oreste, kofi, na ɗaya.

"An gane?" in ji tsohon.

"Sarai, Baba."

Da safe Nerina ta gyara masa wuyan riga ta ce, "Ka tuna fa, ba gudu ake yi ba."

Ya shafa kumatunta. "Kada ki damu. Zan dawo miki da shi lafiya."

Dandalin gari ya cika maƙil. Mota sittin, kowace tana sheƙi: jajayen Ferrari, Lancia, Maserati, ga jar Alfar Oreste. Fada, limamin coci, ya zagaya yana yayyafa musu ruwan albarka, masu motocin suna binsa a baya da tsumma suna gogewa. A tsakiyarsu Yarinya tana tsaye kamar 'yar tsako cikin zakaru, an naɗe rufinta, an manna mata lamba arba'in da bakwai.

Aka fara sakin motoci, ɗaya duk minti guda. Mutumin yana kallo, ransa yana ɓaci.

"Baba, wato na farko ya riga mu da minti arba'in da shida?"

"Haka tsarin yake."

A ransa mutumin ya ce saboda motarsu ƙarama ce aka yi musu wannan zaluncin, kuma yau zai share wa tsohon hawaye.

Aka ɗaga musu tuta. Suka fita gari lafiya lau. Can gaba ga tiyo na farko a shimfiɗe, alƙalai biyu a ƙarƙashin laima. Tsohon ya ɗaga agogo ya fara ƙirgawa, don taya ta taka tiyon daidai da sifiri.

"Goma. Tara. Takwas. Bakwai..."

Mutumin ya ga ba dalilin jira. Ya ba ta wuta. Yarinya ta tsallake tiyon kamar akuya.

"Me ka yi?" in ji tsohon.

"Na riga ƙidayar, Baba! Ribar shida muka ci!"

"Ba tsere ba ne!"

Injin yana ihu a bayansu, iska tana shigowa ta rufi. Rabin maganar ya tafi da iskar.

"Tsere ne, na sani, Baba! Riƙe da kyau!"

Suka tarar da wata Lancia tana tafiya kamar mai rakiyar amarya. Mutumin ya ce, "Allah sarki, tasu ta lalace," ya wuce ta. Suka tarar da Maserati. "Ita ma! Yau bakanikai za su sha aiki." Ya wuce. Ya wuce ta uku, ya wuce ta huɗu. Kowace mota direbanta ya ƙura wa titi ido, na gefensa ya ƙura wa agogo, sai su ji tatata, su ga wani abu shuɗi ya gifta, farin gashin wani tsoho yana tashi ta saman rufi.

Da suka fara hawan dutse sai ga jar Ferrari a gaba, doguwa, ƙasa-ƙasa, direbanta da safar hannu ta fata. Mutumin ya gyara zama. Ya danna oda, fit-fit. Taka, fito, saki, sallama, taka, shiga. Yarinya ta tattara duk abin da Allah ya ba ta, ta jera da Ferrarin, suka yi kafaɗa da kafaɗa, ta wuce.

"Baba! Baba! Ferrari muka wuce! Da Ɗari Biyar! Wa zai yarda?"

"Sannu!" tsohon ya yi tsawa, yana dukan gaban mota. "Sannu! Sannu!"

Hawaye ya cika idon mutumin. Shekara goma sha huɗu tsohon bai taɓa yi masa sannu ba.

"Yauwa, Baba! Sannunmu dai!" Ya ƙara wuta.

"Sannu-sannu, na ce!"

"Yauwa-yauwa, Baba! Ai aikinmu ne tare!"

A saman dutsen akwai ƙauyen da ake tsayawa a buga wa kowace mota hatimi. Matan ƙauyen sun jeru da faranti, ga soyayyen burodi mai zafi, ga cuku. Shekara talatin da tara tsohon yana cin burodin nan, kuma duk shekara sai ya ce na bara ya fi. Mai hatimi ya ɗaga hannu. Mutumin ya ɗaga masa hannu shi ma, ya wuce. Wata tsohuwa mai faranti ta juya tana binsu da kallo har ta zagaya sau ɗaya a inda take.

"Burodina!" in ji tsohon.

"Dabara ce, Baba! So suke mu tsaya Ferrari ta kamo mu!"

Tsohon ya ɗaga littafin hanya zai kwaɗa masa a ka. Iska ta fizge littafin ta rufi, ya tafi cikin gonar inabi.

"Gara haka, Baba, nauyi ya ragu."

Jim kaɗan sai ga jar Alfa. Oreste yana tafe a natse, matarsa tana ƙirga masa. Mutumin ya jera da shi, ya leƙo, ya ɗaga masa yatsu biyar, sannan ya naɗe su ya yi masa sai-an-jima. Oreste ya dubi Yarinya, ya dubi Ermete da ke maƙale da madaurin ƙofa da hannu biyu, ya cire hularsa ya ɗora a ƙirji kamar gawa ce ta wuce.

Daga nan tsohon bai sake magana da direbansa ba. Da marigayiya matarsa ya koma yi, yana gaya mata ta ɗora ruwa ga shi nan tafe. Gangarar kwana goma sha takwas gare ta. Kwana goma sha takwas, dopiyeta goma sha takwas, ko ɗaya giya ba ta yi kuka ba. Idon tsohon a rufe yake, amma kunnensa bai iya rufuwa, ya ji duka.

Suka shigo dandali da odar fit-fit-fit. Mutumin ya taka birki, ya miƙe ta cikin rufi, ya ɗaga hannu biyu sama.

Ba kowa.

Wani ma'aikaci yana durƙushe yana warware tiyon ƙarshe, bai ma shimfiɗa shi ba. 'Yan badujala suna zaune a inuwa suna cin abinci, kakakinsu a ƙasa. Magajin gari ya leƙo ta taga da kumfar aski a fuska. Wani mai shara ya jingine tsintsiya, ya tafa sau biyu don kada a ji kunya.

"Ina kofin?" in ji mutumin.

Mai tiyo ya dubi agogonsa. "Kun fasa ne?"

"Mun fasa? Mu ne na ɗaya!"

"Mota ta farko sai nan da minti hamsin. Ku ɗan matsa, kun taka mini tiyo."

Mutumin ya sunkuyo cikin mota. "Ka ji, Baba? Minti hamsin muka ba su!"

Tsohon yana zaune yadda yake, hannu biyu a madauri, agogo yana lilo a wuyansa. Mutumin ya ce murna ce ta hana shi magana, ya bar shi ya huta, ya tafi shagon gahawa yana ba mai shagon labarin Ferrari. Kafin ya shanye kofin gahawa ɗaya Ferrarin ta zama uku.

Dandali ya cika. Badujala ta tashi. Motoci suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kowace ta taka tiyo jama'a su tafa. Oreste ya shigo, matarsa ta ce sifiri, tayarsa ta ce tif. Mutumin yana gefe ya harɗe hannu, yana jin tausayinsu.

Aka manna sakamako a bangon ofishin magajin gari. Mutumin ya kutsa gaba, ya ɗora yatsa a layin farko. Oreste Bonfatti. Ya ce kuskuren mai bugawa ne. Ya sauko layi na biyu. Na uku. Na goma. Ya sunkuya. Na talatin. Ya durƙusa. A layi na sittin, daf da ƙasa, ya sami lamba arba'in da bakwai. Laifinsu ya yi yawan da gurbin bai ɗauke shi ba, sai da alƙali ya ƙarasa da biro a gefen takarda.

"Amma mu muka fara zuwa," ya ce wa Nerina, wadda ta iso tana tsaye a kansa.

"Na ce maka ba gudu ake yi ba."

"Na ɗauka tsoro kike ji."

Ta durƙusa kusa da shi, ta yi masa bayanin tiyo da agogo, da sakan da ake rabawa gida ɗari. Wannan karon ƙafafunsa a tsaye suke, don haka ya ji.

"To, Ferrarin?"

"Ita ce ta biyu."

"Sannun da Baba ya yi ta yi mini fa?"

Nerina ta miƙe ta kakkaɓe siket ɗinta.

Oreste ya wuce rungume da kofi. Ya miƙa wa matarsa ta riƙe, don yanzu hannu ɗaya ba ya isarsa. Ya ɗaga biyar, ya ƙara ɗaya, ya juya su wajen Yarinya.

Sai ƙofar Yarinya ta buɗe. Tsohon ya sauko da ƙafar dama, ya sauko da sanda, ya jawo ta hagun. Jama'a suka dare. Ya taho ƙwas, ƙwas, har bakin bango. Ya sa tabarau. Bai ɓata lokaci da sama ba, ya dogara da sanda ya sunkuya can ƙasa, inda shekara arba'in bai taɓa neman sunansa ba. Ga shi nan, Ermete Malavasi. Kusa da shi ga wani sunan, wanda Nerina ta cika a takardar shiga. Tsohon ya karanta shi a hankali, leɓɓansa suna motsi. Ya sake karantawa.

Mutumin ya miƙe, ya cire hula yana murɗa ta.

"Baba, na ɓata. Na sani. Amma dai ka ji dopiyetar? Kwana goma sha takwas, ko sau ɗaya ba ta yi kuka ba."

Tsohon ya miƙe tsaye. Ya naɗe tabarau ya sa a aljihu. Sannan, a gaban magajin gari da Fada da 'yan badujala da mota sittin, ya buɗe baki ya kira sunan mijin 'yarsa. Cikakke, har da sunan gidansu, bai ci harafi ko ɗaya ba.

Nerina ta rufe baki da hannu. Mutumin ya ce, "Na'am, Baba! Na'am!"

"Dopiyetarka ta yi," in ji tsohon. "Yanzu je ka ɗauko mini ɗayar, mai baki biyun."